Shekarar da Sikeli Ya Shigo Gonar Alhaji Mamudu

Ko da zan manta da duk ranakun da na yi a wannan aiki, ba na jin zan manta da wata Asabar ta ƙarshen watan Agusta, ranar da na tsaya a tsakiyar gona a garin McLeansville riƙe da waya, gumi na tsiyaya, ina jiran a yanke hukunci ko ni ɓarawo ne ko ba ɓarawo ba. Ku da kuka shigo aikin nan a baya-bayan nan kun same ni da furfura da ofis mai sanyi, kuna ta Malam Yusha'u kaza, Malam Yusha'u kaza, kamar ban taɓa yin kuskure ba. To ku gyara zama.

Aikinmu dai kun san shi, amma bari in faɗa saboda wanda zai ji labarin daga waje. Mutum ya yi shekaru a ƙasar nan, ya sayi gida ko fili, tsufa ya zo, sanyi ya ishe shi, ya tattara ya koma gida. Gida da fili kuwa ba sa shiga jirgi. Sai ya naɗa wakili, wanda zai karɓi haya, ya biya harajin gunduma da inshora, ya gyara abin da ya lalace, ya cire la'adarsa, ya aika masa da saura. Ni a lokacin ba ni da ofis, ba ni da abokin aiki. Motar kai kaya nake tuƙawa Litinin zuwa Juma'a, wakilcin kuma mutum ɗaya tak nake yi wa, Alhaji Mamudu.

Alhaji Mamudu mutumin zangon Kumasi ne. Ya daɗe yana sayar da tsofaffin motoci a titin Gate City Boulevard, da abin da ya tara ya sayi wani fili a McLeansville, mai rijiyar burtsatse da wani tsohon ɗakin katako da masu filin na da suke shanya taba a ciki. Mu rumfa muke ce masa. Kafin ya koma gida ya yanka filin ya raba wa gidaje goma sha ɗaya, yawancinsu 'yan Ghana, da 'yan Najeriya biyu ko uku, kuma mata ne ke riƙe da aikin. Abin da bakinmu ya saba da shi suke shukawa: kuɓewa, gauta, yakuwa, alayyafo, attaruhu. Bai yanka musu kuɗin haya ba. Ya ce ushiri zai karɓa, wato duk abin da gona ta bayar, kashi ɗaya cikin goma nasa ne. Abin miyar da mace za ta tsinka ta sa a tukunya a ranar kuwa, ya ce kada ma a kawo maganarsa.

Ga yadda muke yi. Daga watan Yuli har sanyi ya kashe ganye, mata suna tsinka ranar Laraba da Asabar, da sassafe kafin rana ta buɗe. Da farin bokitin nan na fenti ake awo. Kowace ta gama sai ta ajiye bokitin Alhaji a cikin rumfa, a inuwa, ta kama gabanta. Ni sai da la'asar nake biyawa, lokacin duk sun watse, in kwashe in kai shagunan da ke sayar da kayan abincinmu in sayar. Ƙarshen wata in cire kuɗin wutar famfo, da abin da ake tarawa saboda haraji, da la'adata, in tura wa Alhaji saura ta waya, in bi shi da saƙon murya. Shi kuma ya amsa da, "Allah ya yi albarka, Malam." Shekara tara muna haka, ko musu bai taɓa haɗa mu ba.

Abin dariya, ashe gadon gida na yi. Kakan babana jakada ne a ƙasar Zazzau lokacin da Turawa suka shigo. Ubangidansa yana zaune a birni, ƙauyukan da aka ba shi ko hanyarsu bai sani ba. Jakada ne zai je da kaka ya karɓo dami ɗaya cikin goma, ya sayar da na sayarwa, ya kawo kuɗi da sauran hatsi. Kakata takan ce a ƙauye azzalumi ake ce masa, a birni kuma ɓarawo, haka ya rayu har ya koma ga Allah. Ina yaro na ɗauka hirar tsofaffi ce kawai.

Matsalar ta taso ne daga Rashid, babban ɗan Alhaji. A nan aka haife shi, ya karanta lissafin kuɗi, yana aiki a wani kamfani a Charlotte. Yana da ladabi, ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba, amma irin mutanen nan ne da in ka ce musu ana ruwa a waje sai sun duba waya sun tabbatar. A farkon wannan shekarar Alhaji ya yi doguwar jinya, kuɗin asibiti ya yi masa nauyi, sai ya ce wa Rashid ya duba masa harkokinsa na nan. Wata Lahadi a watan Mayu Rashid ya zo gidana, ya gaishe ni, ya sha shayi, sannan ya buɗe kwamfuta.

"Ankul, ta yaya ka san abin da suke ajiyewa kashi ɗaya cikin goma ne?"

Na ce, "Sun ce shi ne."

"Kana wurin in suna tsinka?"

"A'a."

"Akwai rekod na nauyin abin da aka girbe? Ko risit daga shaguna?"

Na ce masa mu da masu shagunan nan hannu da hannu muke yi, mun san juna tun kafin ya yi haƙora. Ya yi murmushi, ya rubuta wani abu. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na yi kwana uku abin yana cina, don na san yana da gaskiya, ba ni da takarda ko guda da zan nuna.

Bayan mako biyu Alhaji ya kira ni da kansa. Muka yi doguwar gaisuwa, sannan ya ce sun yi shawara, bana za a sayar da ushirin tun kafin a fara tsinka. Wani Nasiru, ɗan Kano mai shagon kayan abinci, abokin Rashid, zai biya kuɗi a dunƙule yanzu, shi kuma ya riƙa karɓar kason Alhaji har ƙarshen kaka. A kan abin da na saba aikowa a shekarun baya aka yi masa farashi. Irin wannan ciniki ba sabon abu ba ne, masu ƙasa sun daɗe suna yi: mai gona ya sami kuɗinsa a hannu ya huta da jira, mai saye kuma ya ci riba in ya iya karɓa.

"Kai kuma ka ci gaba da kula da famfo da haraji," in ji Alhaji. "In kaka ta wuce sai mu ga yadda lissafi ya kama."

Na gane karatun. In Nasiru ya tara fiye da abin da nake aikowa, to shekara tara ke nan ina ci. Na ce, "To, Alhaji, Allah ya sa haka shi ya fi alheri." Da na kashe waya na ce wa matata yau na ajiye aikin nan, ba wanda zai raina ni a kan kuɓewa. Ta bar ni na gama bambamina tas, sannan ta ce, "In ka ajiye yanzu, kowa a masallaci cewa zai yi ka gudu ne kafin a kama ka." Na yi tsaki, amma ban ajiye ba.

Nasiru ba mugu ba ne, kada ku ɗauka haka. Mutum ne da ya zuba kuɗinsa yana son ya ga sun dawo. Asabar ta farko a watan Yuli ya iso gona tun da sassafe, da teburi mai naɗewa, da sikelin lantarki, da littafi. Ya kafa a bakin rumfa. Ya ce kowace mace ta kawo duk abin da ta tsinka a auna, a raba goma, ya ɗauki ɗaya. Na je ranar don in gabatar da shi, kuma ba zan ɓoye muku ba, don in sha kallo.

Shugabar matan, ko da yake ba wanda ya naɗa ta, ita ce Mama Adiza. Ita ma 'yar zangon Kumasi ce, ta haura sittin, tana aikin kula da wata tsohuwa a garin Summerfield. Gajeriya ce, kullum da malafa a kan mayafinta, bakinta kuwa sai dai a yi shiru. Ta dubi sikelin, ta dubi Nasiru, ta dube ni.

"Malam, wannan fa? Asibiti aka buɗe mana?"

Na ce, "Mama, umarnin Alhaji ne. Ya sayar wa Nasiru da ushirin bana."

"Alhaji da bakinsa ya ce a auna mu?"

"Ya ce a bi tsarin da Rashid ya kawo."

Ta gyara malafarta. "To madalla. A auna. A auna da kyau paa, da kyau sosai."

Ta juya ta yi wa sauran matan magana da yaren Ashanti, wanda ba na ji, ta kuma ja 'yan Najeriyar gefe ta yi musu raɗa. Daga ranar ba wadda ta yi gardama. Layi suke yi, a auna, Nasiru ya danna waya ya raba goma, su zuba masa daidai abin da allo ya nuna. In kuɓewa ɗaya ta yi yawa, Mama Adiza sai ta sa yatsu biyu ta ɗauke ta, ta mayar bokitinta tana kallon tsakiyar idonsa. Akwai ranar da na ga ta raba attaruhu gida biyu da farce.

Mako shida ana haka. Ruwa ya wadata, kuɓewa ta yi 'ya'ya kamar me, amma abin da Nasiru ke tarawa ya kasa kamo abin da na saba kwasa, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Na ɗauka shi ke nan an wanke ni. Ina! Nasiru ya kira Rashid ya ce ana ɓoye masa kaya. Tunda a da ana samun kaza, yanzu ba a samu, to mata suna tsinka a bayan idonsa, kuma wa zai kitsa musu haka in ba wanda aka karɓe wa aiki ba? Ku ji fa. Da an sami ƙari ni ne ɓarawo, da aka sami ragi ni ne dai.

Ni kaina abin ya ɗaure mini kai. Na san ban ce wa kowa komai ba, na kuma san matan nan ko ganye ɗaya ba za su ɓoye ba. Na sami Mama Adiza tana ban-ruwa na ce, "Mama, don Allah me ke faruwa? Sunana fa ake ɓatawa." Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ka tambayi sikeli, Malam. Shi aka kawo ya yi magana." Na tafi raina a ɓace, har ita ma haushinta nake ji.

Magana ta fara zagaya gari. Wata Juma'a bayan an idar da salla wani dattijo da muke mutunci ya ja ni gefe ya ce, "Malam Yusha'u, in akwai abin da ya shige maka, ka je ku daidaita da Alhaji tun abin bai yi nisa ba." Mutum biyu da suka yi mini maganar in kula musu da gidajensu in sun koma gida suka daina ɗaga wayata. Mu a wannan aiki ba mu da kaya a kanti, ba mu da injin, sunan nan shi ne kaɗai jarinmu, ga shi ina kallo yana zubewa.

Daga nan Alhaji ya aiko cewa ranar Asabar kowa ya hallara a gona, Rashid ya taho daga Charlotte, a kira shi ta bidiyo ya gani da idonsa. Ƙarfe goma na safe a nan, can Kumasi an riga an yi azahar. Rana ta yi zafi, irin zafin Agusta mai sa riga ta manne a baya. Ni aka ba riƙon waya. Alhaji ya fito a allo yana zaune a kujera a tsakar gida, ya rame, Hajiyarsa tana leƙowa ta bayan kafaɗarsa. Nasiru ya karanta abin da ke littafinsa. Rashid ya karanta abin da na aika a shekarun baya. Sannan Alhaji ya ce, "Malam, me za ka ce?"

Na ce, "Alhaji, ban ci ba, ban kuma sa a ɓoye ba. Iyakar abin da na sani ke nan."

Sai Mama Adiza ta ajiye fartanya ta matso. "Malam, juyo mini da shi nan. Alhaji, ina wuni? Yaya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ka yi haƙuri, zan yi magana."

"Bismilla, Adiza."

Ta sa aka jero abin da ta tsinka da safen nan, bokiti bakwai na kuɓewa, kowane daidai baki. Ta ce wa Nasiru ya auna ya fitar da nasa. Ya auna, ya danna waya, ya zuba a wani bokiti. Kuɓewar ta tsaya ƙasa da baki da kamar faɗin tafin hannu.

"Alhaji, ka gani? Wannan shi ne ushirinka. Ba mu rage ba, ba mu ƙara ba. Yaron nan bai cuce mu ba, mu ma ba mu cuce shi ba."

Sannan ta jawo wani bokitin da babu komai a ciki. Ta fara zaɓo kuɓewa daga nata, ƙanana masu taushi, tana zubawa. Ta cika shi, ta girgiza ya zauna, ta ƙara, ta jera na sama da hannu ɗaya bayan ɗaya har ya yi tozo, ta tsinko ganyen yakuwa ta rufe kada rana ta taɓa. Wannan bokitin na san shi. Shi nake tararwa a rumfa duk Laraba da Asabar.

"Ɗora a sikelinka," ta ce wa Nasiru.

Ya ɗora. Ya dubi allo, ya dubi littafi, ya ce a hankali, "Ya kusa ninka wancan."

"To wannan shi muke ajiye maka," in ji Mama Adiza. "In na tsinki bakwai, zan jira sai sun kai goma ne? In na tsinki biyar fa? Ni Adiza in aika wa mai ƙasa da rabin bokiti, kamar uwata ba ta yi mini tarbiyya ba? A gidanmu ba a kai wa babba kwano bai cika ba. Mutumin da ya ba mu inda za mu sa hannu a ƙasa, a garin da ko tukunyar fure za ka ajiye a ƙofa sai ka nemi izinin mai gida? Haka kowace a nan take yi, ka tambaye su. Amma ranar da aka kawo sikeli mun ce to, Alhaji haƙƙinsa yake so. Sai muka ba shi haƙƙinsa."

Rashid ya cire tabarau ya ce da Hausarsa ta haihuwar nan, "Amma Mama, me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Wa ya tambaye mu?"

Sai na ji Hajiya can baya tana cewa, "Ai na faɗa maka." Alhaji ya cire hula ya shafa kai.

"Malam Yusha'u."

"Na'am, Alhaji."

"A gaban mutanen nan na sa aka tuhume ka, a gabansu nake roƙonka. Ka yafe mini."

Na ce babu komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma a zuci, wallahi, kaina ya kumbura. Na saci kallon Rashid, na saci kallon Nasiru, har na fara tsara abin da zan gaya wa dattijon nan na masallaci ranar Juma'a. Mama Adiza ba ta bari na gama jin daɗin ba.

"Malam, kai ma ban gama da kai ba."

"Ni kuma, Mama?"

"Kai fa. Shekara tara kana ɗaukar bokitin nan da tozonsa. Mun ɗauka kana gani. Mun ɗauka in ka kira Alhaji kana cewa Adiza ta gaishe ka da kuɓewa, Memuna ta gaishe ka da gauta. Muna ta jira mu ji an ce Alhaji ya ce an gode, ko sau ɗaya. Shiru. Har muka ce ko zaman ƙasar nan ne ya canza shi. Ashe kai kwasa kawai kake yi kana kaiwa kasuwa."

Kai, jama'a! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gaskiya ta faɗa. Na ga tozon nan da idona ba iyaka, na ga ganyen da ake rufawa a kai, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalili ba. Na ɗauka haka bokitin kowa yake. Kyautar mutane na haɗa da haya na sayar, na tura wa Alhaji lamba a waya, shi kuma ya sa mini albarka ni kaɗai. Ban ci ƙwandalar kowa ba, amma gaisuwar matan nan a hannuna ta maƙale, godiyar da ya kamata ta dawo musu ma a hannuna ta maƙale.

Na ce, "Mama, na yi laifi. Ku yafe mini."

Ta nuna wayar da haɓa. "Ai ga shi nan a hannunka. Gyara."

Alhaji ya ce, "Malam, kai ni gonar kowa."

Haka na riƙa ratsa tsakanin shuka da waya a sama, daga wannan fili zuwa wancan. Duk inda muka tsaya sai ya kira mai wurin da sunanta, ya tambayi maigidanta da yara, ya ce a nuna masa shukar, sannan ya ce, "Na gode. Ta shekara tara nake yi miki, na gode." Anti Memuna mai gauta ta rufe fuska da mayafi, tana kuka tana dariya. Wata 'yar Sakkwato ta tsaya yi masa bayanin yadda barewa ke tsallako shinge tana cinye mata alayyafo, ya saurare ta har ta gama, ya ce in sa a ƙara wa shingen tsawo. Gida goma sha ɗaya, sama da awa guda. Hannuna ya ƙage, batir ya kusa mutuwa, Rashid ya ruga mota ya ɗauko abin caji ya jona, ya riƙa bina a baya riƙe da shi.

Saura maganar Nasiru, wanda ya biya kuɗin bokiti mai tozo yana karɓar na sikeli. Alhaji ya ce a ɗauke sikelin a koma yadda ake yi. Mama Adiza ta ce a'a. Ushiri aka sayar masa, ushiri zai karɓa har kaka ta ƙare. Abin da ke sama ba bashi ba ne, saboda haka ba wanda ya isa ya sayar da shi tun ba a ba shi ba. Alhaji bai ja da ita ba. Ya sa Rashid ya fitar da bambancin, aka riƙa mayar wa Nasiru kaɗan-kaɗan har aka gama. Shi ma ya same ni har gida ya ba ni haƙuri. Har yau shi ne babban mai sayen kayan gonar, kuma in ya zo sai ya durƙusa ya gaida Mama Adiza, ita kuma ba ta fasa tsokanarsa ba.

Da shekara ta zagayo aka mayar mini da karɓar ushiri. Mutum biyun da suka daina ɗaga wayata suka dawo, ɗayansu har da kawo ƙaninsa. Daga nan aikin ya fi ƙarfin ƙarshen mako, na ajiye tuƙi. Takardun buɗe ofishin nan da kuke zaune a ciki, Rashid ne ya cika mini su, bai karɓi ko sisi ba.

Abin da nake so ku ɗauka a nan, na farko, ku rubuta komai. Tambayar da Rashid ya yi mini a falona daidai ce, ɗacinta ne kawai ya hana ni gani. Da ina da littafi da risit da ban sha wata uku ina sunkuyar da kai a masallaci ba. Amma littafin da zai wanke ni daga sata ba zai nuna mini ɗaya laifin ba. Wancan sai da zuwa wurin mutane lokacin da suke nan, ba da la'asar bayan sun watse ba. Mai dukiya yana nesa, da idonku yake gani, da kunnenku yake ji. Masu haya su ma ba su da hanyar isa gare shi sai ta kanku. In ɗan haya ya yi wa gida fenti da kuɗinsa, ko ya gyara famfo bai kawo muku risit ba, kada ku ce an huta ku wuce. Ku ɗauki hoto, ku rubuta sunansa, ku kira mai gida ku ce wane ya yi maka kaza. Mutanenmu za su iya yi maka alheri shekara da shekaru ba su ce uffan ba, amma suna saurare su ji ko an gani.

Alhaji Mamudu ya rasu bayan wannan da shekara uku, Allah ya jiƙansa. Gonar tana hannun Rashid yanzu, ni ne dai wakili. Aiki ya kai shi wata jiha mai nisa, sai ya shekara bai taka McLeansville ba. Amma duk Asabar ta ƙarshen wata, in kaka ta kama, ƙarfe tara na safe zai kira, in ɗaga waya in bi da shi fili-fili. Hausar tasa har yanzu sai a hankali. Zai ce wa Mama Adiza, "Na gode maka," mata su kwashe da dariya, ita kuma ta ce, "Miki, ɗan nan, miki! Sake faɗa." Ya sake faɗa, ta ce saura kaɗan. Sai ta juya ta ci gaba da jera masa kuɓewa a bokiti, har sai na ce, "Mama, ya isa haka, zai zube a mota."